Hular Bowler: yadda ake auna kai, a zaɓe ta, a sa ta ta zauna daram

Duk wanda ya taɓa ganin hoton Charlie Chaplin ya san hular da nake nufi: baƙa, mai ƙoƙo zagayayye kamar an kifa ƙwarya, da ɗan siririn baki da ya naɗe sama ta gefen kunnuwa. Turawan Ingila na kiranta Bowler. A bakinsu sunan kan fito kamar "bola", amma ba ruwanta da juji, sunan gidan waɗanda suka fara ƙera ta ne. Amurkawa na ce mata Derby, mutanen Bolibiya kuma bombin.

Abu ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan, domin sauran bayanin duk a kansa ya rataya: wannan hula tauri gare ta. Ƙube ko zanna bukar, kai ke juya su. Ka karya, ka danna, ka kai wa mai wanki ya buɗa maka ita a kan gungume, da sannu ta ɗauki siffar kanka. Bowler ba ta bin kan kowa. In ta yi maka, ta yi maka tun ranar farko. In ba ta yi ba, ko shekara ka yi kana sa ta, sai dai goshinka ya gaji.

Da farko, san abin da za ka saya

A shekarar 1849 wani basarake mai suna Edward Coke, ƙanin mai sarautar Earl na Leicester na biyu, ya je shagon Lock & Co. da ke lamba 6 a titin St James's a Landan da wata damuwa. Danginsa na da ƙaton gida da dajin farauta a Holkham, cikin yankin Norfolk. Masu gadin dajin suna zagaye a kan dawaki da doguwar hular nan mai kama da bututu, wadda ake yayi a lokacin. Da sun shiga ƙarƙashin bishiya sai reshe ya make ta, ta faɗi, ta lotse. Coke ya ce a yi masa gajeriyar hula mai kama kai, wadda za ta tare duka. Shagon Lock, wanda yake nan tun 1676 kuma har yau yana ciniki, ya miƙa aikin ga wasu maƙeran huluna 'yan'uwan juna, Thomas da William Bowler.

Labarin da ake bayarwa shi ne, ran da Coke ya zo karɓa, ajiye ta ya yi a ƙasa ya taka ta sau biyu. Da ya ga ko gezau, sai ya biya sule 12 ya tafi da abarsa. Har gobe a shagon Lock sunan hular Coke, don al'adarsu ce su sa wa hula sunan wanda ya fara ba da odarta. Ana furta shi "Kuk", kada ka haɗa shi da lemon kwalba.

Abin da ya ba ta wannan tauri shi ne kayan da aka yi ta da su. Ba saƙa ba ce. Gashin zomo ko na tunkiya ake jiƙawa da ruwan zafi, a yi ta dannawa ana murzawa har ya cure ya zama kamar fata mai kauri, irin dai abin da ake yin jar dara da shi. Daga nan sai a shayar da shi wani ƙaro da ake kira shalak, wanda wasu ƙananan ƙwari ke tarawa a rassan bishiyoyi a Indiya da Tailan. A ɗora a kan gungumen itace da tururi, a bar shi ya sandare. Ka tuna da wannan ƙaro, za mu dawo kansa wajen adanawa.

Kayan aiki ce, ke nan, tun asali. Direbobin keken doki, 'yan tireda, kafintoci da shugabannin leburori su suka fara rungumarta, don tana da ƙarko kuma ba ta kai doguwar hula tsada ba. A yammacin Amurka ma, inda fina-finai suka sa muke zaton kowa malafar kaboyi yake sawa, Bowler ce ta fi yawa a kan mutane, musamman ma'aikatan jirgin ƙasa, saboda iska ba ta fizge ta ko mutum ya leƙo ta taga. Akwai sanannen hoton ɗan fashin nan Butch Cassidy da yaransa da aka ɗauka a Fort Worth a 1900, sun sha kwat da wando, ga Bowler a kai. Sai daga baya ta hau sama, ta zama alamar ma'aikacin banki da babban ma'aikacin gwamnati a tsakiyar Landan, tare da baƙar kwat da laima a naɗe. Zuwa shekarun 1970 wannan yayi ya mutu.

Amma hular ba ta mutu ba, wurare ta samu ta fake. A kowane watan Mayu tsofaffin hafsoshin rundunar dawaki na Birtaniya na yin maci a filin shaƙatawa na Hyde Park da ke Landan da Bowler da laima. 'Yan ƙungiyar Orange, ta Kiristoci 'yan Furotesta a Ayalan ta Arewa, na sa ta a jerin gwanon 12 ga Yuli. Dogaran sarkin Nowe na sa wata iri mai tuntun gashin tsuntsu. A Bolibiya kuwa ta zama kayan mata: tun shekarun 1920, bayan Turawan da ke aikin titin jirgin ƙasa sun shigo da ita, matan ƙabilun Aymara da Quechua suka mai da ita tasu. Mu ma a Najeriya ba baƙuwa ba ce. A Neja Delta, cinikin manja da Turawa ya shigo da huluna irin na Ingila tun ƙarni na 19, har suka zama cikin kayan gargajiyar mazan Ijaw da Kalabari.

Dalilin da ya sa na ja wannan labari shi ne don ka san kana da zaɓi. Akwai sawar ma'aikacin banki, akwai ta ɗan ƙwadago, akwai ta birnin La Paz na Bolibiya, akwai ta Fatakwal. Ka yanke shawarar wacce kake so kafin ka shiga kasuwa.

Auna kanka, kuma ka auna sau uku

Ɗauko tef ɗin tela, mai laushin nan. Tsaya gaban madubi. Ka zagaya shi a kanka: ya bi ta tsakiyar goshi, kamar yatsa ɗaya ko biyu sama da gira, ya wuce ta saman kunnuwa da tazarar santimita ɗaya, ya bi ta inda ƙeya ta fi tudu, ya dawo. Kada ka ja shi har ya nutse cikin fata, kada kuma ka sake shi yana lilo. Rubuta lambar. Sake yi har sau uku, ka ɗauki wadda ta fi girma. In babu tef, zare ma ya isa, sai ka shimfiɗa shi a kan rula.

Lokacin awo ma yana da muhimmanci. In ka saba barin suma, kada ka auna ran da ka fito daga wurin wanzami da tal-kwabo. Mace ta auna da irin kitson da za ta riƙa sa hular a kai, in kuma a kan ɗan siririn ɗankwali za ta ɗora, ta auna da ɗankwalin a ɗaure.

Mu mun saba da inci, mai hula ya tambaye ka lambarka ka ce 22 ko 22 da rabi. Masu sayar da Bowler santimita suke bi, ko kuma wata lamba tasu. Ga yadda suke haɗuwa: inci 22 shi ne santimita 56, a lambar Ingila 6 7/8. Inci 22 da rabi shi ne santimita 57, lamba 7. Santimita 58 lamba 7 1/8 ce, 59 kuma 7 1/4, 60 ita ce 7 3/8. Tarkon da ke nan shi ne lambar Amurka ta ɗara ta Ingila da 1/8, wato kan da ke sa 7 a Landan, 7 1/8 zai nema a Amurka. Ni wannan tarko ya taɓa kama ni. Na yi oda ta intanet, na ga 7 na danna ban duba ta wace ƙasa ba ce, da ta iso sai ta tsaya a tsakar kaina kamar murfin tukunya. Tun daga ranar santimita kawai nake tambaya. In awonka ya faɗa tsakanin lamba biyu, ɗauki babbar. Babba tana gyaruwa, ƙarama kuwa sai kyauta.

Saura siffar kai, wadda tef ba ya nunawa. Mutum biyu za su iya zama santimita 58 dukansu, amma kan ɗaya dogo ne daga goshi zuwa ƙeya, na ɗayan kuma zagayayye. Hula mai laushi ba ta damu da wannan ba, mai tauri kuwa nan take za ta tona. Shi ya sa a shagon Lock suke da wata tsohuwar na'urar Faransa mai suna conformateur, da ake kifa wa mutum a ka ta zana siffar kansa a 'yar takarda, sannan a gasa hular da tururi a daidaita ta da wannan zane. Kai da ba ka kusa da su, gwajinka shi ne ka sa ta ka zauna minti goma. In ka cire ka ga jan layi a goshi alhali yatsa na shiga ta gefen kunne, kanka dogo ne, hular kuma zagayayya. In a gefe take matsa ka, akasin haka ne. Ƙaramin bambanci, mai gyaran hula na iya saita shi da tururi. In ya yi yawa, mayar da ita kawai.

Rarrabe ta gaske da ta wasan yara

Kasuwa cike take da Bowler ta roba ko ta ƙyallen leda da ake yi don bikin shigar ban dariya. Daga nesa kamar gaske. Ga yadda za ka gane.

Ƙwanƙwasa ƙoƙon da bayan yatsa. Ta kirki za ta amsa da ƙara kamar ka ƙwanƙwasa busasshiyar ƙwarya, in ka danna da ɗan yatsa ba za ta lotsa ba. Shafa ta da tafin hannu: ta gashin zomo santsi gare ta da ɗan sheƙi, ba ta da nauyi, ita ce mai tsada kuma mai daɗewa. Ta gashin tunkiya ta fi kaushi da araha, ba laifi ga mai farawa, sai dai ba ta jure ruwan sama kamar waccan. Akwai kuma wadda ake yi da gangan mai laushi, ba a sa mata ƙaro sosai. Ta fi sauƙi a ka, amma siffar ba ta tsayawa cak, kuma ni a ganina tsayuwar nan ita ce kyan hular.

Sai ka dubi bakin. A ta ainihi, baki bai wuce wajen inci biyu ba, ya naɗe sama sosai ta gefe, ya ɗan sunkuyo ta gaba da ta baya, an kuma bi gefensa da ƙyalle an ɗinke tsaf. Bakin da ya miƙe ɓaɓɓake ko'ina daidai alamar aikin gaggawa ne. Juya ta ka leƙa ciki: ka nemi zagayen fata ta gaske mai tare gumi, ba leda ba, da shafi mai santsi. Sunan maƙeri yakan kasance a nan. Lock & Co. da Christys' na Landan, wanda aka kafa a 1773, da Borsalino na Italiya, sunaye ne da aka daɗe da sani a wannan sana'a. In ka ci karo da ɗayansu a gwanjo, abin nema ya samu, amma ka ɗaga ta sama a rana ka duba ko asu ya huda ta, ka kuma lanƙwasa fatar cikin a hankali ka ga ko ta bushe tana tsagewa. Fata ana iya canza ta. Ramin asu da tsagewar ƙoƙo ba su da magani.

Game da tsayin ƙoƙo, fuskarka ce za ta faɗa maka. Mai zagayayyar fuska da kumatu ya nemi ƙoƙo mai ɗan tsayi, in ba haka ba sai a ga ƙwallo a kan ƙwallo. Mai doguwar fuska siririya ya nemi gajere. Akwai ma wata 'yar'uwarta mai suna Cambridge, wadda samanta ya ɗan baje ya yi kusurwa, irin wadda Winston Churchill ya riƙa sawa, tana karɓar masu faɗin fuska. Launi kuwa uku ne aka sani: baƙi, ruwan ƙasa da ruwan toka. Baƙa ta fi kama da shigar ofis da taro. In guda ɗaya za ka saya don yawo, ruwan ƙasa mai duhu ko ruwan toka sun fi sauƙin sha'ani, ba sa nuna ƙura, kuma ba sa sa a yi maka kallon ɗan wasan kwaikwayo.

Yadda ake ɗora ta

Fara da gane gaba da baya. A waje akwai ɗamarar ƙyalle mai ƙulli, wannan ƙulli a gefen hagu yake zama. A ciki kuma akwai ɗan mitsitsin ƙulli inda fatar ta haɗu, shi ne ƙeya.

Riƙe ta da hannu biyu ta baki, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Kada ka saba damƙar ƙoƙon, maiƙon hannu na barin tabo. Ka fara kafa gaban a goshi, sannan ka sauke bayan a ƙeya, ka ɗan danna. Ta zauna yatsa ɗaya ko biyu sama da gira, kada ta taɓa kunnuwa. Yanzu sunkuya kamar za ka ɗaura igiyar takalmi, ka girgiza kai. In ta faɗi ta yi yawa. Maganinta shi ne ka ɗaga fatar ciki ka cusa siririn soso ko ninkakken ƙyalle a bayanta, ta ƙeya ko ta gefen da ke da sarari, kaɗan-kaɗan har ta kama.

Zamanta iri uku ne. A miƙe sak, shi ne zaman hafsoshi da ma'aikatan banki, yana ba da kwarjini. Ɗan karkace zuwa gefe ɗaya, da bai wuce kaurin yatsa ba, shi ne na ɗan gaye, kuma shi na fi so ga matashi. Na uku shi ne a tura ta can ƙeya goshi a waje, wannan ka bar wa masu ban dariya. Chaplin da ya ƙirƙiro shigarsa a 1914 da gangan ya zaɓi ƙaramar hula, da matsattsiyar kwat, da burgujejen wando, da manyan takalma, don kome ya saɓa wa ɗan'uwansa. 'Yan wasan barkwancin nan biyu, Laurel da Hardy, ma da wannan hula suka yi suna. To ka ga ƙaramar Bowler a ƙeya tana da tarihin ba da dariya fiye da shekara ɗari, ba kai za ka goge shi ba.

Matan Bolibiya su ne suka karya wannan doka suka kuma ci riba. Tasu ƙarama ce da gangan, a can ƙololuwar kai take zama, ba ta shiga ba, amma suna hawa da sauka a tudun La Paz da El Alto ba ta faɗuwa. A can ana cewa wadda ta ɗora ta a tsakiya matar aure ce, wadda ta karkata ta kuma budurwa ce ko bazawara. Abin da ya sa ta yi musu kyau shi ne sauran kayan: kitso biyu dogaye har gadon baya, mayafi mai geza, da faffaɗan siket mai hawa-hawa da suke kira pollera. Faɗin ƙasa ne ke ɗaukar ƙanƙantar sama.

Da wane kaya za ta tafi

Nan ne mutane suka fi faɗuwa. Mutum ya sayi Bowler sai ya ga ai dole ya nemo laima, da sandar gaye, da agogon sarƙa, da falmaran, ya tara su duka rana ɗaya. Sakamakon shi ne ya fito kamar wanda ya tsero daga gidan tarihi. Hular nan ita kaɗai surutu gare ta, sauran kayan su yi shiru.

In shigar Turawa ce ta taro, nemi kwat da wando masu duhu, baƙi-baƙi, ruwan toka ko shuɗi mai duhu, farar riga, taye maras hayaniya, da baƙin takalmi sau-ciki da ya sha mai. Kwat ɗin ta zama mai kafaɗa tsayayya, don hula mai tauri a kan rigar da ta saki jiki ba sa jituwa. Launin hula ya bi na takalmi: baƙa da baƙi, ruwan ƙasa da ruwan ƙasa. A lokacin sanyi a Turai, doguwar kwat ta ulu ita ce babbar ƙawarta.

In ta yawo ce, koma wa asalinta na 'yan ƙwadago. Wandon jins mai duhu, riga mai maɓalli, jaket mai kauri ko falmaran shi kaɗai, da takalmin but na fata. Abin da ba ya tafiya da ita shi ne kayan motsa jiki, gajeren wando da silifas. Ga mata, jaket mai ɗinkin kwat, doguwar riga maras ado da yawa, ko doguwar kwat, duk suna karɓarta. 'Yan kunne su zama ƙanana, don bakin hular na kusa da kunne.

In shigar Neja Delta kake so, misali an gayyace ka biki a Ribas ko Bayelsa, to doguwar rigar nan da suke kira etibo ce, a kan zani ko wando, da sanda a hannu, wani lokaci da murjani a wuya. A nan sanda ba ƙari ba ce, cikin shigar take. Kada dai ka rikita Bowler da hular da aka san tsohon shugaban ƙasa Goodluck Jonathan da ita. Tasa mai laushi ce, mai lotsawa a sama da baki mai faɗi, wani gida ne daban.

Kayanmu fa? Ra'ayina ne, kana iya saɓa mini. Ɗinkin sanata mai duhu, maras aiki da yawa, yana ɗaukar Bowler, don dama ɗan'uwan etibo ne a tsayuwa. Amma babbar riga tana da hularta. Faɗinta da aikin da ke ƙirjinta sun fi ƙarfin ɗan siririn bakin Bowler, sai ka ga kai ya ƙanƙance, riga ta haɗiye mutum.

Sai batun yanayi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa: hular gashi ce da aka yi don sanyin Ingila, ba ta da hanyar shan iska. A zafin Afrilu na Sakkwato ko Maiduguri, minti ashirin ya isa gumi ya jiƙa fatar ciki ya ɓullo ta ɗamara. Lokacinta a wajenmu shi ne hunturu, daga Disamba zuwa Janairu, ko yammacin Jos, ko zauren taro mai na'urar sanyaya ɗaki. Kuma duk taurinta, kada ka hau babur da ita a madadin hular kwano. Reshe aka yi ta ta tare, ba kwalta ba.

Wajen cirewa, al'adarta ta saɓa da tamu. Mu hula a kai ita ce ladabi, ba ka shiga gaban manya kai ba hula. A Ingila kuwa namiji kan cire irin wannan hula in ya shiga gidan mutane, ko zai ci abinci, ko a wurin jana'iza, ya kuma ɗan ɗaga ta in yana gaisuwa. In kana can, bi nasu. In kana gida, ka tuna bakinta na hana goshi taɓa ƙasa kamar hana-sallah, don haka ka riƙa tafiya da tashi-ka-fiya-naci a aljihu.

Adanawa

Doka ta farko: kada ka kai ta wurin mai wankin hula. Ba don bai iya aikinsa ba, sai don aikinsa ruwa ne da sabulu da sitaci, su kuwa ukun nan kashe ta za su yi. Bowler burushi ake mata, ba wanki ba. Nemi burushi mai laushin gashi, ka riƙa share ta bayan kowace fita, musamman a hunturu da ƙura ke shiga ko'ina. Ka bi kwanciyar gashin, wato in kana kallon ta daga sama, ka zagaya akasin tafiyar hannun agogo. In kana da baƙa da mai haske, kowacce da burushinta.

In ruwan sama ya taɓa ta, kaɗe shi, ka zazzago fatar ciki waje, ka ajiye ta a inuwa inda iska ke wucewa ta bushe da kanta. Ban da rana, ban da kusa da murhu, ban da na'urar busar da gashi. Zafi na narkar da ƙaron nan shalak, yana kuma sa fata ta tsuke, shi ya sa barin ta cikin mota a rufe da tsakar rana kan mai da lamba 58 ta koma 57. Turaren fesawa ma abokin gabarta ne, don sifirit ɗin da ke ciki na narkar da shalak. Fesa a jikinka, ka bari ya bushe, sannan ka ɗora hula. Tabon maiƙo kuwa, barbaɗa masa farar hoda ko garin sitaci busasshe, ya kwana, da safe ka share da burushi.

In ta ɗan lotsa, tafasa ruwa a butar shayi, ka kanga wurin a tururin na 'yan daƙiƙu har ya yi laushi, ka tura daga ciki da tafin yatsa a hankali, ka riƙe har ya huce. Iyakar gyaran gida ke nan. Buɗa ta ko sake naɗin baki aikin masu sana'a ne, kada garin neman gira a rasa ido.

Wajen ajiya, kada ka kifa ta a kan bakinta a tebur, nauyinta zai baje lanƙwasar gaba da baya. Juya ta, ƙoƙo a ƙasa, a kan wani abu mai laushi, ko ka rataye ta a marataya mai faɗin kai, ba ƙusa ba. In za ta daɗe ba a sa ba, sa ta a kwali da ya fi ta girma, ka kewaye ƙoƙon da takarda mai laushi, ka ƙulle kafur a ɗan ƙyalle ka ajiye a kusurwa yadda ba zai taɓa ta ba, saboda asu. Da damina ka riƙa buɗe kwalin duk bayan mako biyu ta sha iska, don fatar ciki na saurin yin fumfuna. In tafiya ta kama ka kuma ba ka da akwatinta, kada ka cusa ta cikin jaka tsakanin kaya. Sa ta a kanka ka shiga jirgi da ita, in ka zauna ka ɗora ta a cinya.